Ungulu Ba Ta Koma Gidanta Na Tsamiya Ba

Masu iya magana sun ce ungulu ba ta jewar banza. In an yaudari mutum su ce an yi masa ungulu da kan zabo, in kuwa ya gama yawonsa ya dawo inda ya fito, su ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Babu ɗalibin Hausa a wannan jami'a da bai haddace waɗannan ba, wasunmu ma da su suka ci maki a jarrabawar adabin baka. To, ina da tambaya guda ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu daraja: yaushe rabon ɗayanku da ya ɗaga kai ya ga ungulu tana jewa? Kada a yi gaggawar ba ni amsa. A tuna mahautar garinku, a tuna juji da bakin kasuwa, a tuna tsamiyar bayan gari. In amsar ita ce an daɗe, to mu sani muna koya wa yara karin magana ne a kan tsuntsuwar da muka kusa ƙararwa da hannunmu, kuma nan gaba kaɗan sai malami ya nemo hoto kafin ya iya fassara wa ɗalibi maganar da kakarsa take yi tana daka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in faɗa wa 'yan boko irina cewa shirunmu a kan wannan al'amari abin kunya ne, kuma maganinsa yana hannun mutanen unguwa, in har za mu koma mu zauna da su. Amma kafin in zo gida, bari in kai mai karatu wata ƙasa mai nisa inda jama'a suka ga tsuntsayensu na ƙarewa suka ƙi naɗe hannu, domin wanda bai ga gonar maƙwabci ba ya ɗauka kowa ma haka tasa take.

A can kudu maso gabas da Ostireliya akwai ƙasar tsibirai da ake kira Niyu Zilan. Kafin ɗan'adam ya taka ta, babu wata dabba mai shayarwa a tudunta sai jemage, saboda haka tsuntsayenta suka saki jiki, wasu har suka bar tashi sama, suna yin ƙwai a ƙasa ba su tsoron kowa. Mutanen Mawori, waɗanda suka fara zama a can, sun zo da wani ƙaramin ɓera da kare. Turawa kuma suka zo da ɓerayen jirgin ruwa da kyanwa da zomaye. Da zomaye suka addabi makiyaya, sai a shekarun 1880 aka shigo da wata 'yar dabba mai kama da tunku don ta cinye su. Ita kuwa da ta ga tsuntsu a ƙasa ba ya gudu, sai ta fi son wannan ganima a kan wahalar bin zomo. Garin gyaran gira aka rasa ido. A wani ɗan tsibiri mai suna Istifins, an kunna hasumiyar fitilar jiragen ruwa a 1894, kyanwowin da suka zo tare da ma'aikata suka bazu a daji, kafin a ankara sun ƙarar da wani ɗan tsuntsu da ba shi da sauran mazauni a duniya sai nan. Wani babban aku mai yawon dare da ake kira kakapo, shi ma saura ƙiris ya bi sahu, domin a 1995 guda 51 kacal aka san sun rage.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne yadda mutanen suka ɓullo wa abin. A 2016 gwamnatinsu ta yi shelar cewa tana so nan da 2050 ta raba ƙasar da ɓeraye da sauran waɗannan baƙin mahara. Amma gwamnati ba ta iya shiga bayan ɗakin kowa. Mutanen unguwa ne suka kafa ƙungiyoyi, kowane gida ya ajiye tarko a bayansa, tsoho da ɗan makaranta suna duba shi suna rubuta abin da ya kama. A unguwar Miramar ta birnin Welintan sun yi ta wannan aiki har aka yi shela a 2023 cewa an kakkaɓe ɓerayen daga unguwar. A duwatsun yammacin birnin kuma, bayan manoma sun yarda an dasa dubban tarkuna a gonakinsu, an sako tsuntsun kiwi a 2022, ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe a inda aka fi shekara 100 ba a gan shi ba. Kakapo da ya rage 51, a 2019 ya haura 200. Babu wani sihiri a ciki. Sun gane wanda ke cinye musu tsuntsu, suka kira shi da sunansa, sa'an nan kowa ya tsare bayan gidansa.

Yanzu mu dawo gida mu tambayi kanmu, mu wane ne baƙon da ke cinye namu? Ba kyanwa ba ce, domin tsuntsayenmu tare suka tashi da muzuru da tunku da maciji da shaho, sun san makircinsu tun fil azal, ungulu kuwa a ƙolin rimi take sheƙa inda ɓera bai isa ya dame ta ba. Baƙinmu guda biyu ne, kuma mu da kanmu muka yi musu iso: guba da kasuwa. Guba ta zo a leda da kwalba da sunan maganin ƙwarin gona. Kasuwa kuwa ta zo ne da kuɗin masu neman sa'a ta hanyar kan tsuntsu. Waɗannan biyu sun yi wa ungulu cikin shekara 30 abin da kura da fari da yunwa ba su yi mata ba tun da aka kafa garuruwanmu.

Ga lissafin masana, don kada a ce son zuciyata nake faɗi. Wani bincike da Darcy Ogada da abokan aikinta suka buga a 2016 ya nuna cewa nau'i 8 na ungulayen Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin 100 a tsawon shekara 30. A cikin waɗanda aka gano sanadin mutuwarsu, kashi 61 guba ce ta kashe su, kashi 29 kuma fataucin sassan jikinsu ne. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, ta sa nau'i 4 na ungulayen nahiyarmu a matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga daji, kuma a cikinsu har da ita ungulun mahauta mai siririn baki, wadda Sakkwatawa ke kira kolo, wadda a da take yawo a tsakaninmu kamar kaza.

Yadda gubar ke aiki kowa ya sani, sai dai ba a so a faɗa. Kura ko karnukan daji sun kashe wa mutum tunkiya, ransa ya ɓaci, sai ya barbaɗa maganin ƙwari a sauran gawar ya bar ta a fili. Kafin kura ta dawo da dare, ungulaye sun sauka da rana, kuma da yake taro suke ci, gawa guda sai ta kashe gommai. Wannan na kuskure ke nan. Akwai na ganganci, inda maharbi zai sa gubar a nama don ya kwashi gawawwakin ya kai kasuwa. A farkon 2020, a yankunan Bafata da Gabu na ƙasar Gini Bisau, an tsinci ungulaye fiye da 2,000 a mace, da yawansu an yanke musu kai. Mai yanke kan mushen tsuntsu ba don miya yake yi ba.

Ina kawunan ke zuwa? Nan ne maganar ta zama tamu. Binciken da Ralph Buij da abokansa suka buga a 2016 a kan kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na gawawwakin irin waɗannan tsuntsaye da ake sayarwa, a kasuwannin Nijeriya suke. A wani bincike da Yohanna Saidu da shi Buij ɗin suka buga tun a 2013, an zaga kasuwannin Arewa an ji daga bakin 'yan koli abin da ake nema da su: wai maganin hauka da farfaɗiya, wai korar iska, wai sa'ar ciniki da caca, wai ganin abin da ke ɓoye. Da namu suka yi ƙaranci, sai maharba suka fara tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Akwai wata farar ungulu irin wadda ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka, masana a ƙasar Girka suka ɗaura mata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam a 2013, suka sa mata suna Paskalis. Ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta sauka lafiya a yankin Damagaram. A farkon 2014 na'urar ta nuna ta daina motsi irin na tsuntsu, da aka bi sawu aka tarar maharbi ne daga Nijeriya ya kashe ta don masu saye a gida. Tsuntsuwar da ruwa da rairayi ba su ci ba, mu muka ci ta, kuma labarin ya zaga duniya da sunan ƙasarmu a kai.

Wani zai ce ai tsuntsu ne, zai sake hayayyafa. Wannan maganar mai kiwon kaji ce. Kaza takan kwanta a kan ƙwai 10 ko fiye, sau da dama a shekara. Ungulu ƙwai guda take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan wata 2, ɗan kuma ya shafe wata 3 ko 4 a sheƙa kafin ya tashi, sa'an nan ya ɗauki shekaru kafin shi ma ya isa haihuwa. Saboda haka maharbin da ya kashe 30 da hantsi guda ya rushe aikin shekaru masu yawa, mai gawayin da ya sare rimin da take sheƙa kuma ya ƙarasa abin da maharbi ya bari.

Ni ɗan Rikoto ne a cikin garin Zuru, kuma abin da nake faɗi na gan shi da idona. Muna yara, in aka aike mu sayen nama, sai mun kora ungulaye kafin mu isa wurin mahauci. Suna tsaye a kan katanga da rassan itace, ana jefar da tumbi ko jini ya kwarara, kafin ka juya sun share wurin. In jaki ya mutu a bayan gari, kwana guda ya ishe su, washegari ƙashi kawai za ka tarar. Yau in na je hutu nakan zaga wuraren nan ban ga ko guda ba, sai karnuka da ƙudaje da wari. Na san akwai wasu dalilai ban da guba, domin mahautan yanzu ba sa zubar da komai, jini da ƙashi da kayan ciki duk kuɗi ne, manyan itatuwan kuma sun tafi buhun gawayi. Amma na tambayi dattawa da dama ina ungulaye suka tafi, amsar da na fi samu ita ce wai sun koma daji don zamani ya lalace. Ba daji suka koma ba. Suna rataye a rumfunan 'yan koli, sun bushe.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin an sha faɗa mini a ɗakin kwana da wurin cin abinci. Za su ce, kai wane, ƙasar Zuru tana fama da 'yan bindiga, mutanen Sakaba da Danko-Wasagu sun bar gonakinsu, hatsi ya gagari talaka, kai kuma ka zo mana da zancen tsuntsu mai cin mushe, abin da Turawan da suka ƙoshi ke ɓata lokaci a kai. Ban raina wannan magana ba, 'yan'uwana ne ake kashewa. Amma ina roƙon mai wannan ra'ayi ya ji abin da ya faru a Indiya. A shekarun 1990 makiyayan can suka rungumi wani maganin ciwon jiki mai suna dikilofenak suna yi wa shanu. Ashe in saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekara 15 wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, har gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Waɗanda suka mutun nan ba Turawa ne da suka ƙoshi ba, talakawa ne masu shan ruwan rafi irin mutanenmu.

Dalili kuwa shi ne cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, har da na ciwon saifa mai kashe shanu ya kama mutum. Kare da ɓera in sun ci mushe gida suke dawowa, su shiga tsakar gida da madafa. Kada kuma a ce ciwon saifa labarin da ne, domin a Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu. A garin da asibiti ke da nisa, allurar cizon kare kuma ke da tsada, ungulu ita ce ma'aikaciyar tsafta da ba ta karɓar albashi, ba ta yajin aiki. Wanda ya damu da ran talaka, ya kamata ya fi kowa damuwa da ita.

Wasu kuma za su ce ina yi wa maganin gargajiya ƙafar ungulu ne don na sha boko. Ni ma da saiwa da sassaƙe aka raine ni, kuma a wannan ƙungiya tamu babu wanda zai yarda a wulaƙanta gadon iyaye. Amma a tambayi mai saye, in kan ungulu na sa a ga gaibu, me ya hana mai kan ganin gubar da aka sa mata? In yana kawo sa'a, ina sa'ar tsuntsuwar da ta ƙare a rataye? Mafi muni, wanda aka jiƙa wa kan da aka samo ta hanyar guba, maganin ƙwari ake ba shi ya sha da kuɗinsa. Ban kuma taɓa jin liman a masallaci ko fasto a majami'a ya ce arziki na cikin ƙoƙon kan mushe ba. Abin da ke ƙarfafa mini guiwa shi ne su kansu masu maganin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, watau NCF, ta zauna da masu maganin gargajiya a wasu jihohin Arewa, kuma daga bakinsu aka tattara sunayen itatuwa da ganyayen da suka ce suna maye gurbin ungulu a sana'arsu. Ke nan mai cewa ba makawa sai da ita, ciniki yake karewa.

Kashi na uku su ne masu cewa aikin gwamnati ne, a yi doka. To ai dokar tana nan. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, a 1985 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 11 mai hana fataucin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a 2016 aka yi mata gyara aka ƙara tara. Duk da haka kan ungulu na nan a kasuwa a fili, ba a ɓoye ba. In ana son a ga iyakar abin da takarda ke iya yi, a dubi gauraka. Shi ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a da garke-garkensa ke sauka a fadamun Arewa. Aka yi ta kama shi ana sayar wa masu hali suna ajiyewa a tsakar gida don ado, aka tare koguna da madatsai fadamun da yake ƙwai suka bushe. A 1992 har taron ƙasa da ƙasa aka yi a Kano saboda shi, aka yi jawabai aka watse. Yau samun gauraka a dajin Nijeriya ya zama abin labari, mai son ganin garkensa sai ya nufi Chadi ko Kamaru.

Yanzu a kwatanta da shamuwa. Babu ɗan sandan da ke gadinta, amma duk shekara in damina ta kusa sai ta taso daga kudancin Afirka ta sauka a tsakiyar ƙauyukanmu, ta yi sheƙa a itacen ƙofar gida, a inda yaro mai danƙo zai iya samunta ba wahala. Me ya hana shi? Tun yana goye ya ji cewa shamuwa baƙuwar alheri ce mai albishir da ruwa, ba a taɓa ta, wanda ya jefe ta kuma duk unguwa za ta yi masa ca. Ita kuma tana biyan kuɗin masauki da cin fara da tsutsar gona. Haka nan a Zuru muna da Girmace, kurmi da ruwa inda kadoji ke zaune kusa da mutane tun kaka da kakanni, albarkacin al'adar da ta ce ba a taɓa su. Ban zo in yi gardamar aƙida da kowa ba. Abin da nake nunawa shi ne dabarar da mutanen Niyu Zilan ke alfahari da ita yau, watau jama'a su haɗa baki su ce wannan halitta tamu ce ba mai taɓa ta, kakanninmu sun riga su saninta. Ungulu ta rasa wannan gata ne don mun raina ta, mun ce mummuna ce mai cin ƙazanta, alhali ƙazantarmu take kwashewa.

To me za a yi? Ga abin da nake gani, kuma babu ko guda da ke buƙatar kwangila. Na farko, a fara da Sarkin Fawa, domin mahauta su ne abokan zaman ungulu na asali. In mahautan gari suka yarda cewa ba mai harbi ko sa guba a harabar mahauta, suka kuma ware wuri a gefe inda za a riƙa zuba abin da ba a sayarwa, to ungulun da ta rage a yankin ta sami mafaka. Na biyu, Sarkin Baka da maharbansa, su ne suka san kowane rimi da maɗaci da giginyar da ake sheƙa a kai, kuma su ne za su fara ganin baƙon maharbi in ya shigo. A ba su girmansu a sa su gadi. Na uku, dagatai da masu unguwanni su sa hannu a kan itatuwan nan, a san cewa mai gawayi bai isa ya kusance su ba, kamar yadda ba ya kusantar itacen maƙabarta. Na huɗu, a zauna da ardo da makiyaya a kan gubar gawa, a nuna musu cewa dabbar da ake zargin guba ko ciwon saifa ya kashe, binne ta ake yi da zurfi. Mutanen da samarinsu ke haɗa ƙarfi su yi noman golmo shekara da shekaru don cika alkawarin aure, ba za a ce tsaron itace 10 ya gagare su ba. In Masarautar Zuru ta ɗauki maganar, aka faɗe ta a taron Uhola inda kowa ke hallara, ta fi takardar doka 100 isa kunnen jama'a.

Saura namu, mu 'yan jami'a. Abin takaici ne a ce Bature ya bi sawun tsuntsuwa guda daga Girka har Damagaram, mu kuwa ba mu san ko ungulu nawa suka rage a mahautar garinmu ba. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru tun 2020, ga sassan nazarin halittu da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu, kowa na rubuta kundin neman digiri, amma sau nawa aka tura ɗalibi ya zauna da maharbi ya rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa da C'lela da Fulatanci kafin tsofaffin da suka san su su ƙaura? Yaro nawa ne yau zai bambance borin-tunke da ƙwasaƙwasa, ko shirwa da shaho? Wannan aikin Ƙungiyar Hausa ne tsantsa, domin in tsuntsu ya ɓace sunansa na biye da shi, karin maganarsa da tatsuniyarsa kuma su zama kwalba ba turare.

Saboda haka ina kawo shawara ga shugabannin wannan ƙungiya. A hutu mai zuwa kowane ɗan ƙungiya ya je mahautar garinsu da safe sau 3, ya ƙirga ungulayen da ya gani, ko da sifili ne ya rubuta sifili, ya sa suna da kwanan wata. Ya tambayi mahauci mafi tsufa yaushe ya lura sun fara raguwa, ya tambayi maharbi ina sauran sheƙa. A kawo wa edita, a buga a fitowa ta gaba gari-gari, daga Zuru zuwa Yawuri, daga Argungu zuwa Gusau. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, sai mu ɗauke ta mu kai sakamakon gaban sarakunanmu da harshen da suke ji. Malamanmu kuma ina roƙonsu su karɓi irin wannan aiki a matsayin bincike na gaskiya, su ba shi maki. Ni na ɗauki Rikoto da kewayenta. Sauran unguwanni da garuruwa suna jiran masu su, Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.